Tambayoyi da amsoshi kan zaɓen tsofaffin kujeru marasa hannu domin gida

Waɗannan tambayoyi ne da masu sha'awar tsofaffin kayan ɗaki suka fi yi kafin su sayi kujera marar hannu, ko dai wadda aka shigo da ita cikin kayan gwanjo daga Turai, ko wadda aka gada a gidan iyaye da kakanni.

Wace irin kujera ake nufi, kuma me ya sa aka ƙera ta babu hannu?

Kujera ce ta mutum ɗaya, mai ƙafa huɗu da mazauni da majingina, wadda ba ta da wurin ɗora hannu a gefe. A manyan gidajen Ingila da Faransa na ƙarni na 17 da na 18, ana jera irin waɗannan kujeru ne a jikin bango, sai an yi baƙi ko za a ci abinci sannan barori su jawo su tsakiyar ɗaki. Shi ya sa idan aka zagaya bayan da yawa daga cikin tsofaffin za a tarar ba a yi wa bayan sassaƙa ba, domin bango kawai yake kallo. Kujera mai hannu kuwa ta maigida ce da manyan baƙi, har ya zama al'ada a saitin cin abinci a sami guda biyu masu hannu, sauran shida ko takwas kuma babu.

Rashin hannun nan ya dace da zamanmu ƙwarai. Mai babbar riga zai zauna ya tashi ba tare da hannun kujera ya sarƙe masa riga ba, kujerar tana shigewa ƙarƙashin tebur ta bar hanya, kuma ranar suna ko walima yaro ma zai iya ɗaukarta daga falo zuwa tsakar gida.

Shekara nawa kujera za ta yi kafin a ce tsohuwa ce ta gaske?

'Yan kasuwar wannan kaya sun raba shi gida biyu. Abin da ya kai shekara 100 shi ne suke tallatawa da sunan antik, kuma ma'aunin da hukumomin kwastam na ƙasashe da dama suke bi ke nan. Abin da ya wuce shekara 20 amma bai cika 100 ba shi ne bintej. Inda masu saye suka fi ruɗewa shi ne bambanci tsakanin salo da zamani: kujera mai salon ƙarni na 18 ba lallai ba ne a ƙarni na 18 aka yi ta, domin masana'antun Ingila da Amurka sun yi ta kwaikwayon waɗannan salo daga ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa yau. Kwaikwayon ba laifi ba ne, kuma wanda aka yi a wajejen 1900 shi kansa ya haura shekara 100 yanzu. Laifin shi ne a karɓi kuɗin na asali a ba mutum na kwaikwayo.

Waɗanne salo ne mai saye zai fi cin karo da su?

Daga cikin na Ingila, akwai salon da ake jinginawa ga Sarauniya Anne, wadda ta yi mulki daga 1702 zuwa 1714. Ana gane shi da ƙafafun gaba masu lanƙwasa da faffaɗan katako guda a tsakiyar majingina, kuma galibi da icen walnat aka yi na farkon. Bayansa sai salon Thomas Chippendale, kafintan Landan da ya wallafa littafin zane-zanensa a 1754, wanda kujerunsa na mahogani ne, an huda katakon tsakiyar majinginar an yi masa sassaƙa mai sarƙaƙiya. Na George Hepplewhite, wanda matarsa ta fitar da zane-zanensa a 1788 bayan rasuwarsa, majinginarsa siffar garkuwa gare ta, ƙafafun kuma sirara ne miƙaƙƙu. Gaskiyar magana, da wuya ƙwarai a tsinci na asalin waɗannan a kasuwar gwanjo, kusan duk wanda aka gani kwaikwayo ne. Wadda aka fi samu ta gaske ita ce ta zamanin Sarauniya Biktoriya mai zagayayyar majingina da mazauni na kushin, domin an ƙera ta da yawan gaske a tsakiyar ƙarni na 19.

Wadda ta cancanci a tsaya a kanta ita ce kujerar Michael Thonet, Bajamushen da ya koma Biyana da sana'arsa. Shi ne ya ƙware wajen turara sandunan bic, wani farin ice na dazukan Turai, har su yi laushi, a lanƙwasa su cikin maƙera ta ƙarfe, su bushe a haka. Kujerarsa mai lamba 14, wadda ta fito a 1859, guntayen katako shida ne kawai da sukuru goma da noti biyu. Ana zuba guda 36 a warware cikin akwati mai faɗin mita ɗaya ta kowane ɓangare, a tura duk inda jirgin ruwa yake zuwa, a harhaɗa a can, kuma zuwa 1930 an sayar da kimanin miliyan 50. Tun da sukuru ne yake riƙe da ita, idan ta saki ɗaurewa kawai ake yi, abin da ya sa nake ganin tana cikin waɗanda suka fi dacewa da busasshen yanayi.

Akwai kuma kujerar Chiavari, wadda Giuseppe Gaetano Descalzi ya ƙera a garin da ke da wannan suna a Italiya a 1807. Sirarun kujerun nan masu ruwan zinariya da ake haya a ɗakunan biki na Kano da Abuja jikokinta ne, sai dai su na roba ne ko na ƙarfe, ita kuwa ta katako ce mai mazaunin saƙa. A ɓangaren bintej, kujerun Denmak ne suke tashe: J39 ta Børge Mogensen ta 1947 mai mazaunin igiyar takarda, da lamba 7 ta Arne Jacobsen ta 1955 wadda kamfanin Fritz Hansen yake yi da lanƙwasasshen filawud har yau. Ta Marcel Breuer ta 1928, mai bututun ƙarfe da saƙar ratan (ɓawon wani tsiro mai kama da gora), an kwaikwaye ta fiye da kima, don haka yawancin waɗanda ke yawo a kasuwa ba na kamfanonin da ke da izinin ƙera ta ba ne.

Mene ne abu na farko da ya kamata a duba?

A kife kujerar. Kamar yadda mai sayen rago a kara yake buɗa bakinsa ya duba haƙora kafin ya kula da ƙaho, haka ƙarƙashin mazauni yake faɗin abin da yadi da ƙyalli suke ɓoyewa. Abin da ake saye a tsohuwar kujera ƙashinta ne, wato katakon da mahaɗansa, domin yadi ana sauya shi a yini ɗaya, amma ƙashin da ya lalace ba ya komawa yadda yake.

Kujera marar hannu tana da wuri guda da ya fi ko'ina shan wahala, shi ne inda katakon gefen mazauni ya shiga cikin ƙafar baya. A kujera mai hannu, hannun yana ɗaure majingina da mazauni ya rage wa wannan mahaɗa nauyi. A marar hannu kuwa, duk lokacin da mutum ya jingina, ko ya ɗaga ƙafafun gaba yana lilo, ƙarfin gaba ɗaya a nan yake sauka. Sai a ajiye kujerar a daɓe mai lebur, a dafa mazaunin da hannu ɗaya, a kama saman majinginar da ɗayan, a tura gaba da baya a hankali. Ɗan motsi kaɗan alama ce ta gam da ya bushe, kuma gyaransa mai sauƙi ne. Idan kuwa aka ga tsaga ta bi jikin ƙafar baya daga bakin mahaɗar, ko aka ga an ɗaure wurin da ƙarfe, ko an buga ƙusoshi ta waje, to kujerar ta taɓa karyewa a inda ya fi muni, kuma ya kamata kuɗinta ya faɗi sosai ko a bar ta.

Mahaɗa mafi ƙarfi ita ce wadda aka fere bakin katako ɗaya aka zura shi cikin ramin da aka sassaƙa a ɗayan, wani lokaci har a soke su da turken katako wanda ake ganin kansa daga waje. Daga tsakiyar ƙarni na 19 masana'antu suka koma haɗawa da 'yan gajerun sanduna biyu ko uku, wanda ya fi sauri amma ya fi saurin saki. A duba kuma guntayen katakon da ke kusurwoyi huɗu na ƙarƙashin mazauni, da sandunan da suka haɗa ƙafafu idan akwai, a tabbatar babu wanda ya ɓace. Bayan an gama wannan sai a zauna a kai na ɗan lokaci, a jingina sosai, a saurara ko tana ƙara.

Ta yaya ake bambanta tsufa na gaskiya da wanda aka ƙirƙira?

Tsufa na gaskiya yana bin inda jikin mutum yake taɓawa. Saman majingina, inda ake kamawa a ja kujera, yakan yi santsi da duhu. Sandar gaba, inda ake ɗora ƙafa, takan cinye a tsakiya, kuma ƙasan ƙafafun baya yakan goge ta gefe ɗaya saboda ja a ƙasa. Wanda ya tsufar da kujera da gangan yakan bubbuga ta ko'ina, har wuraren da hannu ba ya kaiwa. Katakon ƙarƙashin mazauni, wanda ba a shafa masa komai ba, ya kamata ya yi duhu da kansa ya bushe, idan kuwa aka ga an shafe shi da kala, to akwai abin da ake rufewa.

Ƙarfen da ke jiki ma shaida ne. Sukuru mai kan gicciye bai yaɗu ba sai daga shekarun 1930, soso na roba sai daga shekarun 1950, haka ma ƙusar bindiga da masu ɗinkin kujeru suke harbawa ta baya-bayan nan ce. Ganinsu bai isa ya ƙaryata tsufan kujera ba, domin mai gyara ne wataƙila ya sa su, amma idan aka ɗaga yadin aka ga babu tsofaffin ramukan ƙananan ƙusoshi a katakon, to ba a taɓa yi mata wani ɗinki kafin wannan ba. Layukan zarto masu lanƙwasa aikin injin zagaye ne, wanda ya nuna ƙarni na 19 ko bayansa. A kujerun Thonet ana samun takardar kamfani ko hatimin da aka buga a cikin zoben mazauni, kuma kamfanoni irin su Kohn da Fischel sun yi makamantansu da nasu tambarin bayan da haƙƙin mallakar dabarar lanƙwasa katakon ya ƙare a 1869. Su ma tsofaffi ne masu kyau, sai dai a saye su da sunansu.

Na ga ƙananan huji a ƙafar kujera. In bar ta?

Hujin da faɗinsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba na ƙwaron katako ne, kuma yawancin tsofaffin kujerun bic da walnat suna da shi. Tsohon huji baƙi ne kuma babu komai a ciki. Wanda ƙwaron yake raye a cikinsa bakinsa fari ne, kuma idan aka shimfiɗa baƙar leda a ƙarƙashi aka ƙwanƙwasa ƙafar, gari mai laushi zai zubo. Irin wannan kada ta shiga ɗaki sai an yi mata magani. A danna wurin da farce, idan ya lotsa to cikin ya zama fanko, ƙafar ba za ta ɗauki mutum ba. Gara kuwa ta fi wannan ɓarna nesa ba kusa ba, saboda tana cinye ciki ta bar fatar waje lafiya lau, don haka kujerar da ta daɗe a sito ko a kan daɓen ƙasa sai an ƙwanƙwasa kowace ƙafa an ji sautinta.

Kujerar da aka ƙera a Turai za ta jure hunturu da zafinmu?

Wannan ita ce tambayar da masu sayarwa ba su cika tayarwa ba, alhali ita ce ta fi shafar mai gida a Kano ko Sakkwato ko Damagaram. Katako yana shan laimar iska ya kumbura, ya saki ya tsuke, kuma a faɗinsa yake yin haka, tsawonsa kusan ba ya motsi. Kayan katako sun fi zama lafiya inda laimar iska take tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100. A ƙasar Hausa kuwa takan sauka ƙasa da kashi 20 a tsakiyar hunturu, ta haura kashi 70 a watan Agusta. Kujerar da ta shekara 100 a Ingila ba ta taɓa gamuwa da irin wannan sauyi ba, shi ya sa a hunturunta na farko mahaɗai sukan saki, siririn katakon ado da aka manna a fuska yakan ɗago, faffaɗan mazauni na katako guda kuma yakan tsage.

Saboda haka kujerun da aka yi da zallan katako sirara sun fi waɗanda aka yi wa manne-manne na ado jurewa. Saƙar ratan tana bushewa ta yi ƙaras-ƙaras, sai a riƙa goga mata ɗanyen tsumma ta ƙarƙashi lokaci-lokaci a watannin rani. Kada a ajiye kujerar inda rana take faɗowa ta taga, ko daidai bakin na'urar sanyaya ɗaki, wadda ita ma busar da iska take yi. Shawarata ga wanda ya sayi sabuwar shigowa ita ce ya bar ta ta ga hunturu ɗaya kafin ya kai ta gyara, domin gyaran da aka yi da damina yakan saki kafin watan Janairu ya fita.

Wane katako ya fi?

Mahogani da tik sun fi natsuwa, ba su cika motsi ba, kuma ƙwari ba su cika son tik ba. Bic yana da ƙarfi amma ƙwaro yana son sa. Abin lura shi ne wani kaso na katakon kujerun Turai daga Afirka ta Yamma ya fita: tun ƙarshen ƙarni na 19 ake kai mahoganin Afirka, ɗan'uwan maɗacinmu, zuwa Libaful, kuma katakon sapele daga garin Sapele na jihar Delta ya samo sunansa. Kujerun da sashen ayyuka na gwamnatin mulkin mallaka ya ƙera wa gidajen ma'aikata da ofisoshi da loko ko mahogani ba su da ado, amma sun riga sun ga hunturu da damina masu yawa sun daidaita, kuma ina ganin an raina su fiye da yadda ya kamata.

Mai niyyar shigo da kujerun Denmak na jan icen Barazil ya sani cewa yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ta sa wannan ice a jerin da aka fi tsanantawa tun 1992, don haka ko tsohuwar kujera ce sai da takardar shaida take ƙetare iyaka. A 2017 an sa sauran danginsa a ƙarƙashin sa ido, tare da madobiya ta dazukanmu.

Wane tsayi ya dace da teburin cin abinci?

Teburan yau tsayinsu santimita 73 zuwa 76 ne, mazaunin da ya dace da su kuma 43 zuwa 48, yadda za a sami tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakanin mazauni da ƙasan tebur. Kowane mai zama yana buƙatar faɗin kusan santimita 60. A tafi kasuwa da tef, domin tsofaffin kujeru sukan gaza wannan tsayi, ko don an yi su ne domin ɗakin kwana, ko don an datse ƙafafun da suka ruɓe. Wasu kujerun falo na zamanin Biktoriya kuma sirara ne ƙwarai, ba a yi su domin zaman kullum na babban mutum ba.

Dole ne sai an sami cikakken saiti?

Ba dole ba ne. Saiti na shida ko takwas ya fi tsada a kan kowace kujera idan aka kwatanta da ɗaiɗaiku, kuma sau da yawa idan aka jera su aka duba sassaƙar da nauyin za a ga an cike gurbi da baƙuwa ɗaya ko biyu. Kujeru mabambanta suna zama tare lafiya muddin tsayin mazauninsu ɗaya ne kuma launin katakon ya yi kusa. Guda ɗaya tak ma tana da wurinta a gaban madubi ko teburin karatu.

Ya halatta a sake mata fenti ko yadi?

Yadi da cikon mazauni ana sauya su, kuma mai kujerar yana da 'yancin zaɓen abin da ya dace da ɗakinsa, har da fatar da dukawanmu suke jema. Idan aka buɗe aka tarar da gashin doki a ciki, a roƙi mai ɗinkin ya wanke shi ya mayar, domin ya fi soso daɗewa, soso kuwa zafi yana mayar da shi gari. A mazauni mai cirewa kada a naɗa yadi mai kauri fiye da na da, saboda idan aka danna shi da ƙarfi yana buɗa mahaɗan.

Fuskar katakon ce nake roƙon a tausaya mata. Kafinta mai gaggawa zai kankare ta da samfefa ya fesa banish mai ƙyalli, cikin awa biyu ya share launin da shekara 100 ta gina, darajar kujerar kuma ta zube. Yawancin na ƙarni na 19 shalak, wani irin banish na da, aka shafa musu, wanda sifirit yake narkarwa, ruwa kuma yake bar masa farin tabo, don haka tsumma mai laushi da ɗan kakin zuma sau ɗaya ko biyu a shekara sun wadatar. Wajen gam, na da daga fata da ƙashin dabba ake dafa shi, ɗumi da laima suna sake shi, shi ya sa ake iya warware kujera a sake haɗa ta sau da yawa. Gam mai ƙarfi irin na haɗa ƙarfe yana hana wannan, ranar da kujerar ta sake motsi kuma katakon ne zai karye a maimakon gam ɗin. A ce wa kafinta ya warware mahaɗar, ya kankare tsohon gam, ya sa sabo ya matse, kada ya buga ƙusa ko ɗaya.

Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, wadda Amurka ba ta hana sa ta a fentin gida ba sai 1978. Kada a goge shi a bushe a cikin gida, kuma kada a bar kujera mai ɓarɓashin fenti inda yara suke rarrafe.

A ina ake samu, kuma yaya ake sanin an saya daidai?

Ana samu wurin masu kayan gwanjo na Turai, da dillalai masu shiga gidaje, da gwanjon tsofaffin ofisoshi da makarantu, wani lokaci har wurin 'yan gwangwan idan ta ƙarfe ce. Wanda zai saya ta intanet ya nemi hoton ƙarƙashin mazauni, da na mahaɗar ƙafar baya ta kowane gefe, da na tambari idan akwai, da awon tsayi, domin mai sayarwa na kirki ba ya ƙin wannan. A haɗa kuɗin gyara da na dako a kan farashi kafin a yi tayi, musamman saƙar ratan ta hannu, wadda takan ci fiye da kuɗin kujerar. Duk wanda ya ce kayansa na wani mashahurin maƙeri ne, ya rubuta hakan a rasit tare da shekarun da yake da'awa.

Idan kuwa abin da aka kawo aikin gargajiya ne na cikin gida, kamar kujerar fada ko sassaƙaƙƙiyar kujerar tsugunno ta da, to dokar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Nijeriya ta 1979 ta shafi irin wanda aka yi kafin 1918. Ba kowa aka yarda ya yi cinikinsa ba, kuma ba a fita da shi ƙasar waje sai da izinin hukumar.